Yadda Ake Nazarin Bayanan eQTL a Yanayin Sel Daban-daban: Jagora ga Ɗaliban Bincike a Kano

Kusan duk Bahaushe yana ɗauke da wani sauyin harafi guda a kusa da ƙwayar gadon ACKR1, wanda masana suka yi wa lamba rs2814778. Wannan sauyi yana lalata wurin da furotin GATA1 ke kamawa, shi ya sa jajayen ƙwayoyin jininmu ba sa fitar da furotin Duffy, ƙofar da zazzaɓin cizon sauro nau'in vivax ya fi bi ya shiga. Amma a sel ɗin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini, ƙwayar gadon tana aikinta lafiya lau. Harafi ɗaya ne, mutum ɗaya ne, sakamako kuwa ya danganta da sel ɗin da ka duba.

Haka abin yake a cutar sikila. Sauye-sauyen da ke cikin ƙwayar gadon BCL11A, waɗanda ke ƙara yawan haemoglobin na jarirai a jikin babba har ciwon ya yi sauƙi, suna zaune ne a wani yanki da ke aiki a sel masu zama jajayen jini kaɗai. An nuna hakan a 2013, kuma wannan yankin ne maganin Casgevy ke gyarawa, wanda Birtaniya ta amince da shi a ƙarshen 2023. Wanda ya nemi wannan tasiri a sel na hanta ko na fata zai dawo ya ce babu komai.

Wurin da bambancin DNA ke sauya yawan RNA da wata ƙwayar gado ke fitarwa shi ake kira eQTL. Wannan jagora ta ɗalibin digiri na biyu ko na uku ce, a Jami'ar Bayero ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke son ya gano waɗanne eQTL ne ke aiki a kowane yanayi, waɗanne ne kuma ba sa farkawa sai sel ya gamu da cuta ko magani.

Mataki na ɗaya: shirya kwamfuta da bayanan gwaji

Ba ka buƙatar babbar na'ura don ka fara. Laftof mai RAM na gigabait 16 ya isa neman eQTL na kusa, wato waɗanda ke dab da ƙwayar gadon da suke shafa, a mutum ɗari ko ɗari biyu. Idan Windows kake amfani da shi, ka saka WSL don ka samu Ubuntu a ciki, domin kusan duk manhajojin nan a Linux aka gina su. Ka saka conda, ka ware wa aikin muhallinsa, sannan ka rubuta lambar sigar kowace manhaja a littafi. Aikin da zai kwana yana gudana ka raba shi kromosom-kromosom, ta yadda in wuta ta ɗauke ana kan na 14 ba sai ka koma na farko ba. In an ba ka izinin shiga sabar wata cibiya, ka riƙa aiki cikin tmux, don yankewar intanet kada ta kashe aikin.

Kafin ka taɓa jinin kowa, ka koyi aikin da bayanan da ke a buɗe. GEUVADIS na 2013 yana da RNA na mutum 462 daga shirin 1000 Genomes, 89 daga cikinsu Yarabawan Ibadan ne. Yanayi ɗaya ne kawai a ciki, amma ya isa koyon matakai na uku zuwa na biyar. Don kwatanta yanayi kuwa, ka je eQTL Catalogue na cibiyar EMBL-EBI, inda aka sake sarrafa bincike da dama ta hanya iri ɗaya. A ciki akwai aikin Fairfax na 2014 kan monosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, da aka zuga (wato aka tayar da garkuwarsu) da furotin intaferon gama da kuma LPS, wani sinadari na bangon bakteriya, akwai kuma na Nédélec da na Quach na 2016 waɗanda suka haɗa da mutane 'yan asalin Afirka. Fayilolin manya ne, amma da tabix za ka iya ciro yankin da kake so kawai ba tare da datarka ta ƙare ba.

Mataki na biyu: tsara gwajin tun kafin a ɗebi jini

Nan ne ake ci ko a faɗi, kuma babu manhajar da za ta gyara abin da ya lalace a nan.

Ka sa kowane mutum ya ba da sel ga duk yanayin da za ka gwada: kashi ɗaya a bar shi haka, kashi ɗaya a zuga shi. Ta haka mutum ya zama ma'aunin kansa. Sannan kada ka yi duk samfuran da ba a zuga ba a mako ɗaya, waɗanda aka zuga a wani makon. In ka yi haka, ba za ka taɓa iya raba tasirin zugar da tasirin zubin aikin ba. Kowane zubi ya ƙunshi kowane yanayi, da maza da mata.

Akwai abubuwan da suka shafe mu a nan Kano waɗanda ba za ka gani a takardun Turai ba. Jinin da aka ɗiba a watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya yi kamari, garkuwarsa a tashe take ko da mutumin bai kwanta ba, ba kamar wanda aka ɗiba da hunturu ba. Azumin watan Ramadan yana sauya lokacin ci da na barci. Zafin Afrilu kuma yana iya lalata RNA tsakanin ɗakin ɗibar jini da firiza. Ka rubuta ranar ɗiba, da sa'ar, da mintunan da samfur ya yi kafin a sarrafa shi, da sakamakon gwajin maleriya, da ko mutumin AA ne ko AS ko SS. Duk waɗannan za su shiga lissafi daga baya.

Batun adadi kuma, ka yi wannan ɗan lissafin. Idan harafin da ba shi da yawa yana da kashi 5 cikin ɗari, a cikin mutum 100 kusan goma ne za su ɗauki kwafi ɗaya, mai kwafi biyu kuwa da wuya ka samu ko ɗaya. Da mutum 70 zuwa 100 za ka ga manyan eQTL na kusa. Gano bambanci tsakanin yanayi biyu yana buƙatar fiye da haka, eQTL na nesa kuwa sai dubbai. Ni dai shawarata, in kuɗi ya yi kaɗan, gara yanayi biyu a mutum 120 da yanayi shida a mutum 40.

Izinin kwamitin ɗa'ar bincike wajibi ne, haka ma kiyaye Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023. Takardar amincewa a rubuta ta da Hausar da mai ba da jini zai gane, ta faɗa masa ƙarara ko bayanansa za su fita ƙasar waje, domin mataki na gaba yana iya buƙatar hakan.

Mataki na uku: tsabtace bayanan DNA

PLINK ce manhajar wannan aiki. Misalin umarnin farko:

plink2 --vcf kano.vcf.gz --maf 0.05 --geno 0.05 --mind 0.05 --hwe 1e-6 --make-bed --out kano_tsaf

Wannan ya zubar da wuraren da bambancinsu ya yi ƙaranci, da waɗanda ba a karanta da kyau ba, da mutanen da bayanansu suka cika gibi. Abubuwa biyu kuma suna buƙatar ka zauna ka duba da idonka.

Na farko dangantaka. A garin da auren zumunci ya zama ruwan dare, kuma mara lafiya yakan zo asibiti da ɗan'uwansa, za ka tarar da 'yan uwa a cikin samfuranka ko ba ka nema ba. Lissafin eQTL na yau da kullum yana ɗauka cewa mutanen ba su da alaƙa. Ka duba da KING, ko da zaɓin --king-cutoff na plink2, ka cire ɗaya daga kowane 'yan uwa biyu na kusa. In sun yi yawa har cirewar za ta rage maka mutane sosai, ka koma manhajar da ke saka dangantaka a lissafi, irin su LIMIX ko GEMMA.

Na biyu asali. Wanda ya ce maka shi Bakano ne yana iya zama Bahaushe, ko Bafillatani, ko Babarbare, ko jikan Buzaye ko Larabawan da suka zauna a unguwanni irin su Dandalin Turawa tun zamanin fataucin Sahara. Wannan bambanci yana bayyana a DNA. Ka fitar da manyan ginshiƙan bambanci, wato 'yan lambobin da ke taƙaita yadda DNA ɗin mutanen ya bambanta, da --pca, ka zana na farko da na biyu, ka saka uku zuwa biyar na farko a lissafinka. In ba ka yi ba, duk ƙwayar gadon da aikinta ya bambanta tsakanin al'ummomi saboda abinci ko muhalli za ta fito kamar tana da eQTL.

Idan da allon gwaji aka karanta DNA ɗin, wato wanda ke karanta zaɓaɓɓun wurare kawai, na H3Africa mai wurare sama da miliyan biyu an tsara shi ne don 'yan Afirka. Cike gurbin wuraren da ba a karanta ba ana yinsa a sabar TOPMed, ko ta Michigan, ko ta H3ABioNet. Ka sani cewa 1000 Genomes yana da Yarabawa da Esan daga Nijeriya amma babu Hausawa, don haka ka tsananta wajen tace ingancin cikon, ka riƙe waɗanda makinsu na R² ya kai 0.8 in kana son kwanciyar hankali. Ka kuma tabbata duk fayilolinka suna kan taswirar DNA ɗin ɗan Adam ta GRCh38. Haɗa ta da tsohuwar taswira ta GRCh37 ba ya fitar da saƙon kuskure, sai dai ya ba ka sakamakon banza cikin natsuwa.

Mataki na huɗu: bayanan RNA

Ka jera karatun RNA da STAR, ko ka ƙirga da Salmon wanda ya fi sauƙi ga ƙaramar kwamfuta. Kafin komai, ka gudanar da umarnin mbv na QTLtools, wanda ke kwatanta haruffan da ke cikin RNA da DNA na kowane mutum. Musanyar kwalabe tana faruwa a kowane ɗakin gwaji a duniya, kuma a aikin da mutum ɗaya ke da kwalabe biyu ko huɗu haɗarin ya ninka. Ka kuma duba XIST, ƙwayar gadon da ke aiki a sel na mata, ka ga ko jinsin da aka rubuta ya yi daidai.

Daga nan ka bi tsarin GTEx, babban shirin da a sigarsa ta takwas ta 2020 ya nazarci sassan jiki 49 daga mutum 838. Suna riƙe ƙwayar gadon da ta wuce 0.1 a TPM, ma'aunin yawan RNA, kuma take da karatu shida ko fiye a aƙalla kashi 20 cikin ɗari na samfura, su daidaita samfura da juna da hanyar TMM, sannan su mayar da ƙimar kowace ƙwayar gado zuwa rabon da aka saba, mai siffar ƙararrawa, ta hanyar jeranta matsayi. Ka yi wannan a kowane yanayi shi kaɗai. Ɓoyayyun abubuwan da ke ruɗa lissafi ana kama su da PEER, inda GTEx ke saka irin waɗannan abubuwa 15 a lissafi in samfura ba su kai 150 ba. PEER tana da wahalar sakawa a sabuwar kwamfuta, kuma ginshiƙan bambanci na RNA suna yin aikin daidai da ita cikin daƙiƙoƙi. Ka gwada 5, 10, 15, 20, ka tsaya inda adadin eQTL ya daina hawa.

Idan bayananka na sel ɗaya-ɗaya ne, Seurat ko Scanpy za su rarraba maka nau'o'in sel, demuxlet ko vireo ko souporcell kuma su gaya maka wane sel na wane ne in an zuba na mutane da yawa wuri guda. Sai ka tara ƙirgen kowane nau'in sel na kowane mutum ya zama layi ɗaya. Sel dubu biyar daga mutum ɗaya ba mutum dubu biyar ba ne, DNA ɗaya suke ɗauke da shi. Shirin OneK1K na 2022 ya karanta sel miliyan 1.27, amma ƙarfinsa ya fito ne daga mutum 982 da suka ba da jinin.

Mataki na biyar: neman eQTL a kowane yanayi

Manhajoji huɗu aka fi sani. Matrix eQTL ta 2012 tana cikin R, kuma ita ce mafi sauƙin farawa. FastQTL ta 2016 ta kawo hanyar gaggauta gwajin yamutsa samfura, QTLtools ta gaje ta. tensorQTL ta 2019 tana cikin Python, tana gudu sosai a kan GPU amma tana aiki ko babu shi. Ita nake ba da shawara, domin ta haɗa duk abin da za ka buƙata nan gaba.

python3 -m tensorqtl kano_tsaf monosait_LPS.bed.gz sakamako_LPS --covariates rakiya_LPS.txt --mode cis

Wannan yana gwada kowace ƙwayar gado da duk sauye-sauyen da ke cikin haruffa miliyan ɗaya gaba da baya daga inda take farawa. Saboda ana gwada dubban wurare ga kowace ɗaya, manhajar tana yamutsa sunayen mutane sau dubbai don ta ga irin ƙimar p da sa'a kaɗai ke iya kawowa. Daga nan ka tace a matakin FDR na kashi 5 cikin ɗari, wato ka yarda kusan biyar cikin kowane sakamako ɗari su zama na ƙarya. Ka sake gudanarwa da --mode cis_nominal, domin mataki na gaba yana buƙatar girman tasiri da ma'aunin kuskurensa na kowane gwaji, har da waɗanda ba su yi nasara ba.

Mataki na shida: kwatanta yanayi da yanayi

Ga inda na fi so ka tsaya ka natsu. Abin da yawancin masu farawa ke yi shi ne su ɗauki jerin eQTL na sel da ba a zuga ba, da jerin na waɗanda aka zuga, su zana da'ira biyu masu shiga juna, su ce duk abin da ya fito a ɗaya kawai na wannan yanayin ne. Wannan kuskure ne, kuma yana kumbura adadin ƙwarai. Ɗalibin da ya ci 41 a jarrabawar da makin tsira 40 ne, da wanda ya ci 39, ɗaya ya wuce ɗaya ya faɗi, amma babu malamin da zai ce iliminsu ya bambanta. Tasiri yana iya zama iri ɗaya a yanayi biyu, ya tsallake layi a ɗaya, ya gaza da kaɗan a ɗayan saboda samfura goma sun lalace ko RNA ɗin ya fi hayaniya. Tambayar da ya kamata ka yi ita ce: shin girman tasirin ya bambanta, fiye da yadda kuskuren awo zai iya bayyanawa?

In yanayi biyu ne kuma mutane ɗaya ne, hanya mafi sauƙi ita ce ka debe ƙimar kafin zuga daga ta bayan zuga ga kowane mutum, ka ba tensorQTL wannan bambancin a matsayin abin da ake nema. Duk wurin da ya fito, yana sauya yadda sel ke amsa zugar ne. Ko kuma ka ɗauki manyan eQTL ɗinka ka gwada su da lme4 a cikin R, da tsarin da ya ƙunshi DNA, da yanayi, da haɗuwar su biyun, tare da saka mutum a matsayin abin da ke maimaituwa. Zaɓin --interaction na tensorQTL kuwa ya dace ne da inda kowane mutum ya bayyana sau ɗaya, misali kana tambaya ko tasirin yana sauyawa da yawan nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, ko da shekaru.

In yanayin sun kai uku ko fiye, mashr ce amsa. Rukunin Matthew Stephens na Jami'ar Chicago ne suka fitar da ita a 2019. Tana koyon yadda tasiri ke yaɗuwa tsakanin yanayi daga bayanan kansu, sannan ta gyara kowane ƙiyasi da taimakon maƙwabtansa. Za ka haɗa mata teburi biyu. Ɗaya na ƙarfafa: wuri mafi ƙarfi ga kowace ƙwayar gado. Ɗaya na zaɓen kan mai uwa da wabi: gwaje-gwaje dubu ɗari ko biyu da aka tsinto ba tare da duba sakamakonsu ba. Daga na ƙarfafa ake koyon salon rabuwar tasiri, a kan na biyun ake daidaita tsarin, sannan a dawo a lissafa sakamakon na ƙarfafan. Kada ka tsallake estimate_null_correlation_simple. Tunda mutane ɗaya ne a duk yanayin, kurakuransu suna tafiya tare, kuma in ba ka gaya wa mashr ba za ta ɗauki wannan a matsayin tasiri na gaske da aka yi tarayya a kai. A ƙarshe ka riƙe waɗanda lfsr ɗinsu, wato yiwuwar an kuskure gefen da tasirin ya fuskanta, bai kai 0.05 ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce a ce yanayi biyu sun yi tarayya in tasirin ya fuskanci gefe ɗaya kuma ɗaya bai ninka ɗayan fiye da sau biyu ba.

Inda yanayin sel ba rukuni-rukuni ba ne, a hankali yake sauyawa, kamar sel da ke kan hanyar zama jan jini, CellRegMap ta 2022 tana gwada tasirin a kan sel ɗaya-ɗaya. Tana cin lokaci, don haka a kan zaɓaɓɓun wurare ake gudanar da ita.

Ko me manhaja ta ce, ka zana manyan sakamakonka ashirin da hannunka: rukunin DNA uku a ƙasa, yawan RNA a tsaye, kowane yanayi da launinsa. Sau da yawa za ka ga mutum biyu ne kacal suka ja layin. Wani lokacin kuma ƙwayar gadon a kashe take gaba ɗaya kafin zuga, wanda ke nufin ba a iya auna tasirin a can ba ne, kuma ya kamata ka ware irin waɗannan a rahotonka. Ka kuma tuna cewa zuga tana iya kashe wasu sel ta bar wasu, sai abin da ka ɗauka sauyin tasiri ne ya zama sauyin yawan nau'o'in sel a kwalaba.

Mataki na bakwai: daga eQTL zuwa cuta

Sauye-sauyen da ke kusa da juna a kromosom ana gadonsu tare, don haka wanda ya fi ƙaramar ƙimar p ba lallai shi ne mai aikin ba. SuSiE tana rage su zuwa ƙaramin jerin da ake da tabbacin kashi 95 cikin ɗari cewa mai aikin yana ciki, kuma tensorQTL tana da ita a --mode cis_susie. A nan muna da fifiko na gaske. Al'ummomin Afirka sun fi kowa daɗewa, guntayen DNA da ake gado tare sun fi gajarta a wurinmu, shi ya sa jerin yakan fi ƙanƙanta. Kusan kashi 85 cikin ɗari na mutanen GTEx 'yan asalin Turai ne, saboda haka samfura ɗari biyu daga Kano suna iya warware wurin da ya gagara a can. Sharaɗin shi ne ka lissafa tafiya-taren haruffan daga mutanenka, kada ka aro na Turawa ko na Yarabawa.

Sai coloc, wadda ke tambaya ko eQTL ɗinka da alamar wata cuta daga GWAS, babban binciken da ke neman alaƙar sauye-sauyen DNA da cuta, sauyi ɗaya ne ke jawo su. Tana ba da yiwuwar abubuwa biyar, wanda kake nema shi ne H4, wato yiwuwar sauyi ɗaya ne, kuma yawanci ana karɓar 0.8 zuwa sama. Tsohuwar sigarta tana ɗauka cewa sauyi ɗaya ne ke aiki a yankin, in SuSiE ta nuna maka biyu ko uku sai ka koma coloc.susie. Ka tabbata harafin da aka auna tasirinsa ɗaya ne a fayilolin biyu, kuma in GWAS ɗin na Turawa ne zalla ka faɗi haka a rubutunka, domin bambancin tafiya-taren haruffa yana iya rage H4 ko da sauyin ɗaya ne. Ka gudanar da coloc a kowane yanayi daban, ka jera sakamakon gefe da gefe. Ƙwayar gadon da H4 ɗinta ya yi ƙasa a monosait mai hutawa, ya haura 0.8 bayan awa biyu da LPS, ita ce za ka fara kaiwa ɗakin gwaji, kuma a wannan yanayin na awa biyu za ka gwada ta.